Umma Ta Ce Hoton Nata Ne

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Injin wanki na biyu ya sake tsayawa, manaja ya fita neman mai gyara, shi ya sa na samu zama. Tun jiya abin nan ke cina, kuma duk wanda na fara gaya wa sai ya ce in kwantar da hankalina. To takarda dai ba za ta ce min haka ba.

Jiya ce ranar duba idon Umma. Tun da aka gano tana da ciwon suga shekara biyar da suka wuce, duk shekara Autanmu ke kai ta asibitin ido, ya zaunar da ita a layi, shi ya koma bencin waje yana danna waya har a gama. Bana na bi su saboda gwiwarta, hawa benen nan sai da mutum biyu. Nas ɗin da ke ɗiga magani a ido ta tambayi Umma ko akwai wani mai suga a gida. Kafin ta buɗe baki Auta ya leƙo daga ƙofa ya ce, "Ai ni ne yayanta a ciwon. Ina ɗan shekara tara na fara allura, ita kuwa jiya-jiya ta shigo." Muka yi dariya har da Umma. Nas ko murmushi ba ta yi ba. Ta tambayi shekarunsa, ya ce ashirin da takwas. Ta ce yaushe rabon a duba bayan idonka, ya ce shi fa rakiya ya yi. Ta jawo kujera ta ce ya zauna.

Da muka shiga wurin likita, wata mace ce mai sanyin murya, ta juyo mana da allon kwamfuta. Hotunan bayan ido ne, kashi biyu. Na gefe ɗaya tas suke. Na ɗaya gefen duk ɗigon jini, ga wasu siraran jijiyoyi sun cukurkuɗe kamar zare a ƙasan jaka. Har na ɗora hannu a kafaɗar Umma zan fara ba ta haƙuri, sai likita ta nuna masu kyan ta ce, "Mama, waɗannan naki ne, mu haɗu baɗi." Ta nuna sauran ta ce, "Waɗannan na ɗanki ne."

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce abin da ke cin bayan ido shi ne daɗewar da suga ya yi a jiki, ba tsufan mai idon ba. Wanda ya fara tun yana yaro zai iya tara shekarun ciwo masu yawa kafin ya fito da furfura ko ɗaya. Ta ce sabbin jijiyoyin nan ba su da ƙwari, suna iya fashewa kowane lokaci, kuma babu zafi, mutum na gani ras har ranar da abin zai faru. Na hagu ya fi lalacewa, na dama ya fara. Ta ce ya dawo ranar Litinin a fara yi masa aiki da wani haske da suke kira leza.

Muka kama hanyar gida a mota. Auta na lumshe ido saboda maganin da aka ɗiga masa, Umma na kallon taga.

Alhamis, bayan la'asar

Na biya ta gida daga aiki. Na tarar da Umma a falo fuskarta wasai, Auta na kwance a doguwar kujera yana dariya a waya. Na ce lafiya? Umma ta ce, "Zauna, Yayarsu, ai na gano abin. Musanya hotunan suka yi."

Na ce wane irin musanya?

"Rana ɗaya aka ɗauke mu, a kan inji ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar da ta ɗauki hotunan sauri take yi, ga layi har waje. Ke da hankalinki, tsohuwa mai shekara sittin da uku da yaron da ko aure bai yi ba, idon wa zai lalace? Nawa ne mai jinin. Ni za a yi wa lezar."

Na kalli Auta. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni ma dai abin ya ɗaure min kai, Yaya."

Ya ɗaure masa kai. Mutumin da ke kwance wayar da ta faɗa ruwa ya mayar da ita kamar sabuwa, wannan ne ya ɗaure masa kai.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Umma ta kira Kawu, ƙaninta, wai ya zo ya raba gardama. Kawu direba ne da ya yi ritaya, amma a gidanmu shi ne likita, shi ne lauya, shi ne injiniya. Ya zauna ya sha shayi, ya saurari Umma yana gyaɗa kai. Da na fara magana ya ɗaga min hannu. Ya zaro batirin tocilarsa ya miƙa wa Auta ya ce ya karanta ƙananan rubutun jikinsa. Auta ya karanta tsaf. Ya miƙa wa Umma, ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa, ta ce ita duhu kawai take gani. Kawu ya tafa hannu ya ce magana ta ƙare.

Na ce, "Kawu, likita ta ce mutum na iya gani ras alhali abin na ci a ciki."

Ya ce, "'Yata, ke wanki kika sani. Ido na gani, a ce a ƙona shi? Ni na taɓa kai mota gareji tana tafiya lafiya, na dawo da ita a kan igiya."

Na ce to a koma a sake ɗauka mana, abin da ba zai ci rabin awa ba. Duk suka ce e, haka za a yi, da bakin nan da ake ce wa mai talla sai wani jiƙon. Na cika na yi fam, na shiga kicin na wanke kwanukan da aka riga aka wanke.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Bai je ba.

Talata, bayan azahar

Na nemi izinin awa ɗaya na je shagonsa. Shagon nan ko mutum biyu ba ya ɗauka, sai dai ka tsaya a bakin kanta. Yana zaune ƙarƙashin fitila, ga gilashin ƙara girma a gabansa, ga warin dalma, ga wayoyin mutane a jere kowacce da 'yar takardarta a ɗaure da roba. Na lura gilashin sabo ne, ya fi na da girma.

Na ce, "Jiya fa?"

Bai ɗago ba. "Aiki ya min yawa. In suka ɗiga maganin nan yini guda ba na ganin abu na kusa."

"Yini guda ne damuwarka?"

Ya ajiye hantsakinsa. Ya ce ya karanta a waya cewa bayan lezar wasu ganinsu na gefe yana raguwa, wasu kuma ba sa gani sosai in duhu ya yi. Na ce ni ma na ji likita ta faɗa, kuma na ji abin da ta ce zai iya faruwa in ba a yi ba. Ya ce, "To in na Umma ne fa? In je a ƙona min ido mai lafiya?"

Na ce, "Ka yarda na Umma ne?"

Sai ga mai waya ya zo karɓa, shi kuwa kamar jira yake, ya shiga yi masa bayanin caji har da abin da ba a tambaye shi ba.

Ni na koyi yi masa allura yana ƙarami, lokacin da Umma ta kasa don tsoro. Na san yadda ya yi shekarun samartakarsa, yau ya yi allura gobe ya ce ya manta, lemon kwalba a bayan makaranta, suga ya hau ya sauka yadda ya ga dama. Da ya girmi asibitin yara sai ya daina zuwa ko'ina, ya sayi insulin ɗinsa a kemis ya sa a firji. Yanzu yana kula, ba na musu. Amma waɗancan shekarun suna nan a jikinsa.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Umma ta fara sabon salo. Tana lalube bango in za ta banɗaki. Ta zuba shayi a gefen kofi ta ce, "Kin gani ko? Abin nan ƙaruwa yake." Ta kira ni da sunan maƙwabciya wai ba ta gane ni ba.

Da zan tafi, ina bakin ƙofa ita tana can ƙarshen falo, ta ce, "Yayarsu, gyara, zare ya fito a gefen mayafinki." Na duba. Zaren da ni kaina sai da na ɗaga shi a haske na gan shi. Muka haɗa ido. Ta juya ta ci gaba da lalube kujera.

Da ba a kan abin da ake ciki ba ne da na yi dariya har na zauna. Haushi ne ya raka ni har bakin titi.

Juma'a, da sassafe

Maigidana ya ce in bar su, Auta ba yaro ba ne. Na ce a gaya wa Umma haka.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Na ƙona wuyan rigar wani da dutsen guga. Ban taɓa yi ba tun da na fara aikin nan. Manaja ya dube ni ya dubi rigar, ya ce ko gida lafiya. Na ce lafiya lau. Ni ma na iya, ashe abin na gidanmu ne.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na yi dabara. Na ce wa Umma tunda hoton nata ne, ai sai mu je a yi mata aikin kafin ya ƙaru. Ba ta da hanyar ƙi, ta yarda. Na ce Auta ya zo ya taimaka min da bene, ya ce yana da wayoyin da ya yi alkawari. Ni kaɗai na hau da ita, muna hutawa a kowane kwana.

Likita ba ta ji haushi ba da Umma ta ce an musanya. Ta ce, "Mama, kin yi daidai da kika tambaya." Da kanta ta zaunar da ita, ta sake ɗauka muna kallo, ta haska ta duba da idonta. Ta juyo da allon. Tas, kamar na ranar farko.

Ban taɓa ganin mutumin da aka ce masa lafiyarsa ƙalau ya fashe da kuka ba sai yau. Umma ta riƙe hannun likita tana cewa, "Ki ƙara dubawa, 'yar nan. Ni ina ganin duhu. Wallahi ina ganin duhu." Likita ta bar ta ta yi shiru don kanta, sannan ta tambaye ni ina ƙanena. Na ce yana shago. Ta ce, "Ba tsoratar da ku nake yi ba. Amma irin idonsa ba na son ya kwana ko mako ɗaya. Ki kawo shi Alhamis, ko ba layi zan gan shi."

A hanya na ɗauka an gama. Muna shiga gida Umma ta ce wa Auta, "Injin ne ya riƙe hoton farko, shi ya sake fitarwa. Ai kai ka san halin na'ura." Shi kuma da ya san halin na'ura fiye da kowa a unguwar nan ya ce, "Yana iya faruwa."

Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi ba.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Na tsaya a ƙofar shagonsa da mai tasi yana jira. Shago a rufe, wayarsa a kashe.

Alhamis, bayan azahar

Bai je ba. Mai shagon kusa da shi ya ce ya buɗe ina tafiya.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Mun yi ta da Auta yau. A tsakar gida, Umma na ji. Na faɗi kalmar da kowa ke kewayewa, wadda ko a nan ba zan rubuta ba. Na ce masa haka kake so ka ƙare, a riƙe maka hannu a tsallaka titi?

Ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Yaya, tun ina ɗan shekara tara kowa kallon mara lafiya yake min. Kar ka ci wannan, kar ka yi gudu, ka yi allura? Shagon nan ne kaɗai wurin da mutum zai zo ya ce min gwani. Ki bar ni in ɗan ƙara zama gwani."

Tausayinsa ya kama ni, kuma a lokaci guda kamar in shaƙe shi. Umma ta fito ta ce in ba alheri zan faɗa wa ɗanta ba in daina yi masa baki. Wai ni ce mai yi masa baki.

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Umma ba ta ɗaga wayata. Shi ma haka. Na wanke labulen wani otal har guda nawa ban sani ba, hannuna duk ya yi fari.

Laraba, da hantsi

Shiru. Wataƙila su ne da gaskiya, wataƙila ba abin da zai faru. Allah ya sa in ji kunya.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

A bencin asibiti nake. Mai shagon kusa da shi ne ya kira ni da safe. Auta yana ciki wurin likita.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Ga yadda aka yi, don in na bar shi a kaina zai fasa min kai. Ya sunkuya zai ɗauko wani ƙaramin sukuru da ya faɗi ƙasa, da ya ɗago sai ya ga kamar an ɗiga tawada a ruwa, baƙin zare na yawo a idonsa na hagu. Ya murza, ya wanke fuska. Kafin ya koma kujera idon ya rufe da hayaƙi, fitilar gabansa ma sai dai ya san akwai haske. Da na isa yana zaune da wayar wani a hannu, a buɗe, bai san inda zai ajiye ta ba. Ya ce, "Yaya, kar ki ce komai." Ban ce ba. Duk maganar da na tara makonnin nan ta gudu.

Likita ta ce jijiyar ta fashe, jini ya cika cikin idon, ko bayansa ba ta iya hangowa da kyau. Za a jira a ga ko zai kwanta, in bai kwanta ba sai tiyata. Na tambaye ta ko ganin zai dawo. Ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, ba ta ƙara ba. Na dama kuwa a take ta fara yi masa lezar, saura zama biyu ko uku. Ko gardama bai yi ba. Ya ɗora haɓarsa a kan injin kamar yaron da aka kama.

Ba ta ce da kun zo da wuri ba. Na so ta faɗa, ko na ji daga bakin wani.

Lahadi, bayan la'asar

Kawu ya zo dubiya. Ya ce shi dama tun farko bai yarda da hasken wayoyin nan ba. Na tashi na bar musu falon.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Jiya aka yi zama na biyu. Yau na je na tarar ya kwaso ragowar wayoyin mutane daga shago ya baje a teburin falo, yana son ya sallami masu su. An ce ya riƙa zama da kai a ɗage, kar ya sunkuya, kar ya ɗauki abu mai nauyi. Idon dama har yanzu yana masa dishi-dishi bayan aikin. Ya ɗaga wani batir zuwa taga, ya juya shi, ya kasa. Na matso zan karɓa, sai ya miƙa wa Umma, wadda tun Juma'a ba ta lalube bango, ba ta cin abin kirki.

Ya ce, "Umma, karanta min lambar nan, in aika a kawo irinsa."

Ta karɓa. Ta sa tabaranta na karatu, ta karanta masa ɗaya bayan ɗaya, har da ƙananan haruffan ƙarshe, ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Daidai. Kin ga idonki ras."

Ta ce, "Na sani." Ta ajiye batirin a kan tebur. "Tun ranar farko na sani. Gani nake in na yi ta cewa nawa ne, Allah zai ji ya mayar da shi nawa."

Auta ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan ta da idon dama. Ni kuwa makonni ina jiran ranar da wani a gidan nan zai ce gaskiyata ce. Ga ta ta zo, kuma ban san abin da zan yi da ita ba. Har yanzu ina jin haushinta, ba zan yi ƙarya ba. Na zauna kusa da ita na riƙe hannunta.

Can Auta ya lalubo wata wayar ya miƙa mata ya ce, "To karanta min wannan ma."